Wa Ya Gina Shi? Sharhi a kan Jingina Samfuran Gasasshen Yumɓu ga Bernini

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba hanyoyin da masana suke bi wajen jingina wani tsohon aikin hannu ga mai shi, idan mai shi bai sa masa suna ba. Misalin da na zaɓa shi ne ƙananan mutum-mutumin gasasshen yumɓu da ake dangantawa da Gian Lorenzo Bernini, masassaƙin ƙasar Italiya na ƙarni na 17. Na zaɓi wannan misali ne saboda an daɗe ana taƙaddama a kansa, kuma kusan kowace irin hujja da ɗan tarihi zai iya kawowa an kawo ta a nan: takarda, da idon gwani, da na'ura, har da zanen yatsa. Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu da ya isa a yanke hukunci da shi shi kaɗai, kuma sanya babban suna a kan abin da hujja ba ta kai ba tauye haƙƙin waɗanda suka yi aikin ne.

Bernini da gidan sana'arsa

An haifi Bernini a birnin Napoli a shekarar 1598, ya mutu a birnin Rum a 1680. Mahaifinsa Pietro ma masassaƙi ne, ke nan gado ya yi, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ne jagoran salon da Turawa suke kira Barok, wato salon da yake son motsi da murɗewar jiki da tufafi masu kaɗawa kamar iska tana hura su. Ya yi wa fafaroma bayan fafaroma aiki, kuma shi ya tsara jerin ginshiƙan da suka kewaye dandalin majami'ar Saint Peter.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, mutum ɗaya ba zai iya sassaƙa duk abin da ake kira aikin Bernini ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yana da babban gidan sana'a mai cike da mataimaka, wasunsu ƙwararru ne masu cin gashin kansu. Alal misali, maɓuɓɓugar ruwa ta Koguna Huɗu da ke dandalin Navona, wadda aka yi tsakanin 1648 da 1651, shi ya tsara ta, amma manyan siffofi huɗu da ke jikinta Antonio Raggi da Claude Poussin da Giacomo Antonio Fancelli da Francesco Baratta ne suka sassaƙa su. Tun kafin wannan ma, wani mataimakinsa mai suna Giuliano Finelli, wanda ya yi aikin ganyaye da sauran wurare masu laushi a jikin sanannen mutum-mutumin Apollo da Daphne, ya rabu da shi cikin ɓacin rai, yana ganin yabon da ya cancanta ya tafi ga maigida. Ke nan tambayar "wa ya yi?" tun Bernini yana da rai take ta da ƙura.

Wanda duk ya yi aikin gwamnati ya san irin wannan. Na shafe shekaru ina ganin wasiƙa tana fita da sa hannun babban sakatare, alhali ƙaramin ma'aikaci ne ya tsara ta, wani ya gyara, mai buga tafireta ya buga. Wasiƙar ta babban sakatare ce a hukumance, amma ɗan tarihin da yake so ya san wanda ya yi tunanin dole ya koma cikin fayil ya duba rubutun farko. To, samfuran yumɓu su ne rubutun farko na masassaƙi, shi ya sa ake ba su muhimmanci.

Matsayin yumɓu a wannan sana'a

Dutsen marmara yana da tsada, kuma abin da aka sare ba ya komawa. Saboda haka masassaƙi yakan fara gwada tunaninsa da yumɓu ko kakin zuma. Italiyawa suna kiran gwajin farko, wanda ake yi cikin gaggawa, "bozzetto". Shi kuwa wanda aka kammala aka goge don a nuna wa mai ba da aiki, ko don mataimaka su auna su faɗaɗa, ana kiransa "modello". Wani mai zane Bajamushe, Joachim von Sandrart, wanda ya zauna a Rum, ya ba da labarin cewa Bernini ya nuna masa samfura 22 na kakin zuma da ya yi domin mutum-mutumi guda ɗaya tak, wato na Longinus. Idan aiki ɗaya ya ci samfura 22, mai karatu ya ƙiyasta yawan waɗanda aka yi cikin shekara sittin na aiki. Amma waɗanda suka saura yau ake kuma ɗauka nasa ne 'yan gomomi ne kawai, domin yumɓu yana fashewa, kuma a lokacin ba kowa ya ɗauke su abin adanawa ba.

Matsalar ita ce, ba Bernini kaɗai yake gina irin waɗannan samfura ba. Mataimakin da aka ba shi aikin sassaƙawa yakan gina nasa don ya yi aiki da shi. Ɗalibai sukan kwaikwayi na maigida don koyo. Ercole Ferrata, wanda ya mutu a 1686, ya bar tarin samfura na masu sana'a daban-daban a ɗakin aikinsa, waɗanda yake koyar da ɗalibai da su. Bayan haka kuma, a ƙarni na 18 da na 19, masu tara kayan tarihi sun fara saye, kuma duk inda ciniki ya buɗe, jabu ba ya rasa shigowa. Saboda haka samfuri ɗaya yana iya zama na maigida, ko na mataimaki, ko na ɗalibi, ko na ɗan damfara, kuma dukkansu siffa ɗaya suke nunawa.

Mala'ikun gada da tarin Harvard

Babu inda wannan matsala ta fi fitowa fili kamar a aikin gadar Sant'Angelo da ke kan kogin Tiber. Fafaroma Clement na 9, wanda ya yi mulki daga 1667 zuwa 1669, ya ba Bernini aikin ƙawata gadar da siffofi goma na mala'iku, yadda Kiristocin Turai suke suranta su. Bernini ya raba takwas ga wasu masassaƙa, cikinsu har da Raggi da Ferrata da Domenico Guidi, ya sassaƙa biyu da kansa: mai riƙe da kambin ƙaya da mai riƙe da rubutaccen allo. Waɗannan biyun ba a ɗora su a gadar ba. Suna cikin majami'ar Sant'Andrea delle Fratte tun 1729. Waɗanda suke kan gadar a madadinsu kwafi ne, na farko aikin Paolo Naldini, na biyu kuma Giulio Cartari ne ya yi shi a ƙarƙashin kulawar maigidan. Ke nan siffa biyu sun bi ta hannun aƙalla mutum uku, kuma samfuransu na yumɓu suna warwatse a gidajen tarihi na Amurka da Faransa da Rasha da Italiya.

Tari mafi girma yana Jami'ar Harvard a Amurka. A shekarar 1937 gidan tarihin Fogg na jami'ar ya sayi samfura 27 daga iyalin Brandegee, waɗanda su kuma suka same su a farkon ƙarni na 20 daga Giovanni Piancastelli, shugaban farko na gidan tarihin Borghese a Rum. A 1914 Richard Norton ya buga hotunansu a cikin littafinsa da sunan Bernini. Daga baya masana suka shiga tankaɗe da rairaya, cikinsu har da Irving Lavin, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan batu a 1955. Yau kimanin 15 ne daga cikin 27 ɗin ake ɗauka aikin hannun Bernini ne. Sauran ba su rage kyau ba ko kaɗan. Sunan da ke kan takardarsu ne ya canza.

Bincike mafi zurfi shi ne wanda aka yi domin baje kolin da aka buɗe a gidan tarihin Metropolitan na birnin Niyok a 2012, aka kuma kai shi gidan tarihin Kimbell a jihar Teksas a 2013. C. D. Dickerson da Anthony Sigel da Ian Wardropper ne suka shirya shi. Sigel, wanda a lokacin yake aikin gyara da adana kayan tarihi a Harvard, ya bi samfura fiye da 50 ɗaya bayan ɗaya. A kan littafin wannan baje koli da hotunan da ke cikinsa na gina mafi yawan sharhina.

Shaidu huɗu

Shaida ta farko ita ce takarda. Rasitan biyan kuɗi da yarjejeniyoyi suna faɗa mana wanda aka ba aiki da shekarar da aka ba shi. Amma takardar da ta ce an biya Bernini kuɗin mala'ika ba ta nuna wannan dunƙulen yumɓu da ke gabanmu ta ce shi ne. Haka kuma jerin waɗanda suka mallaki samfuri, wanda ya yi kama da isnadi, da wuya a same shi a haɗe ba yankewa daga ɗakin aikin Bernini zuwa yau. Jerin dukiyar mamaci yakan ce "samfuran yumɓu da dama" ne kawai, ba tare da siffanta kowanne ba.

Shaida ta biyu ita ce idon gwani, wato mutumin da ya daɗe yana kallon aikin mai sana'a har ya san hannunsa. Ba na raina wannan shaida, domin ita ce ta rage 27 zuwa 15. Rauninta shi ne takan ce duk abin da ya yi kyau na maigida ne, duk abin da ya yi rauni na yaro ne. Wannan ƙa'ida tana da haɗari ta fuska biyu. Gwani ma yana da ranar da hannunsa ba ya faɗa daidai. Sa'an nan a Rum ta wancan zamani akwai irin su Alessandro Algardi da Melchiorre Cafà, waɗanda a wajen sarrafa yumɓu ba wanda zai kira su yara. Kama da wane ba wane ba ne.

Shaida ta uku ita ce na'ura. Akwai awon da ake kira tamoluminesans. Ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ke cikin yumɓu suna tara wani ƙarfi a hankali daga sinadaran da ke kewaye da su. Wutar gashi tana share abin da suka tara, sai lissafi ya koma farko. Idan aka ɗebi ɗan gari daga jikin samfuri aka zafafa shi a ɗakin bincike, yakan fitar da haske gwargwadon daɗewarsa tun gashin ƙarshe. Mu ma wannan awo ba baƙo ba ne a gare mu, domin an yi amfani da shi a kan gasasshen yumɓun Nok na kudancin Kaduna tun wajen 1970. Sai dai kuskurensa yakan kai kashi 20 cikin 100. A kan abin da ya shekara 350, wannan yana nufin shekara 70 gaba ko baya, wanda ya haɗa Bernini da mataimakansa da ɗaliban mataimakansa a buhu ɗaya. Awon yana iya kama jabun ƙarni na 20, amma ba ya iya raba Bernini da Naldini.

Hoton eksire, irin wanda ake ɗauka a asibiti, ya fi amfani a nan. Yana nuna guraben iska da suka maƙale a ciki, ta haka ake gane yadda aka fara dunƙula yumɓun da inda aka liƙa ƙari. Yana kuma taimakawa wajen gane wanda aka zuba a cikin mazubi, domin irin wannan yakan bar layin haɗi, kuma yakan fi na asali ƙanƙanta saboda yumɓu yana tsukewa idan ya bushe aka gasa shi.

Shaida ta huɗu ita ce sawun hannu, kuma a nan ne aikin Sigel ya yi fice. Ya lura da ɗabi'un da suke maimaituwa: fara aiki da dunƙule guda mara rami a ciki, tura yumɓu da yatsa a kewaye da gaɓa maimakon bin tsawonta, matse bayan wuya da yatsu har farce ya bar alama, amfani da ƙarfe mai haƙora da wani mai kai kamar ƙwai, barin baya ba gyara, da tudun yumɓu a matsayin matokari, da ƙananan hudoji na awo a wurare kamar gindin maƙogwaro, inda aka kafa ƙafar kamfas. Akwai ma inda zaren jiƙaƙƙen ƙyallen da aka rufe aikin da shi ya bar zane. Daɗin daɗawa, an sami zanen yatsa iri ɗaya a jikin wasu samfura daban-daban.

Inda na yarda da inda na ja

Na yarda cewa wannan hanya ta fi ta da nesa ba kusa ba, domin ta mai da hankali ga abin da mai aiki yake yi ba da saninsa ba. Mai kwaikwayo yana kwaikwayon fuska da tufafi, wato abin da ido yake gani. Ba ya damuwa da yadda maigida yake matse bayan wuya. Amma ina da ja a wurare uku.

Na farko, zanen yatsa. Jama'a suna jin kalmar sai su ɗauka magana ta ƙare, kamar a kotu. Alhali Bernini bai bar wani zanen yatsa da aka tabbatar nasa ne a wata takarda ba, wanda za a gwada sauran da shi. Dacewar zane biyu tana nuna cewa mutum ɗaya ya taɓa samfura biyu suna ɗanye. Yana iya zama maigida, yana iya zama yaron da yake ɗauke su daga kan tebur ya kai su shanya. Hujjar tana ƙarfi ne idan zanen yana cikin tsakiyar aikin, inda aka tura yumɓu don a fitar da siffa, kuma ya maimaitu a ayyukan da shekaru masu yawa suka raba, tun da mataimaka suna sauyawa amma maigida yana nan.

Na biyu, jerin ɗabi'un nan an tsamo shi ne daga samfuran da tun farko aka amince nasa ne, sa'an nan aka juyo ana auna sauran da shi. Idan akwai baƙo a cikin rukunin farko, to ɗabi'unsa sun shiga cikin ma'aunin. Wannan ba ya rushe aikin, amma yana wajabta taka-tsantsan.

Na uku, yaro a wurin maigidansa yake koyon riƙon kayan aiki. Wanda ya shekara goma yana kallon Bernini yana tura yumɓu a kewaye da gaɓa, shi ma haka zai yi. Bin diddigin da aka yi wa hannun Bernini ya fi wanda aka yi wa hannun Raggi ko Naldini ko Cartari yawa ƙwarai. Muddin haka ne, abin da muke kira ɗabi'ar Bernini yana iya zama ɗabi'ar gidan gaba ɗaya.

To, mece ce hujjar da ta fi gamsar da ni? Ita ce alamar canza shawara. A samfuran mala'ikun gada ana iya bin yadda tsayuwar ƙafa da zubin tufafi suke sauyawa daga wannan zuwa wancan, ana gwada abu ana watsarwa. Mai kwafi ya san inda zai ƙare tun kafin ya fara, saboda haka aikinsa yakan tafi sumul. Wanda yake nema ne yake liƙa yumɓu ya ɓamɓare, ya karkata kai ya dawo da shi. A gidan Bernini kuwa, mai ikon sauya tsari mutum ɗaya ne. Idan samfuri ya bambanta da dutsen da aka gama, kuma bambancin ya zauna daidai a tsakanin zanen farko na takarda da aikin ƙarshe, sa'an nan sawun hannu ya dace, to a nan zan ce na Bernini ne ba tare da ɗar-ɗar ba.

Samfurin Moro

Misali ɗaya zai nuna yadda shaidun suke haɗuwa. A 1653 Bernini ya tsara siffar wani ƙaƙƙarfan mutum yana tsaye a kan ƙaton ƙwanso yana kokawa da kifi, domin maɓuɓɓugar da ke kudancin dandalin Navona, wadda ake kira ta Moro. Giovanni Antonio Mari ne ya sassaƙa dutsen. A 2002 wani samfurin yumɓu na wannan siffa, mai tsawon kimanin santimita 80, ya fito a kasuwar gwanjo a Landan, kuma gidan tarihin Kimbell ya mallake shi a 2003 a matsayin aikin Bernini.

Wannan ya fi mala'ikun wuyar hukunci, domin kammalallen samfuri ne, kuma gogewa tana shafe sawun yatsa. Ga shi kuma akwai wani mutum, wato Mari, wanda yake da dalilin gina irinsa. Duk da haka ina tare da waɗanda suka ba Bernini shi. Dalilina shi ne, idan aka jera hotonsa da na dutsen, murɗewar jiki da ƙarfin tsoka sun fi rai a yumɓun. Da kwafi ne aka ɗauko daga dutsen, da ba zai fi uwarsa rai ba. Da kuma Mari ne ya gina shi, da wuya a ce ƙarfin da ya nuna a yumɓu ya ɓace masa haka a dutse. Sai dai ina ƙarawa da cewa aiki mai wannan girma yana iya samun taimakon wani hannu a wuraren da ba su da muhimmanci, kuma faɗin haka ba ya rage masa daraja.

Kammalawa

Akwai abin da yake hana a faɗi gaskiya a irin wannan bincike, shi ne kuɗi da suna. Samfurin da aka rubuta wa "Bernini" farashinsa ya ninka na wanda aka rubuta wa "gidan sana'ar Bernini" sau da yawa, kuma kowane gidan tarihi yana so a ce yana da na maigida. Saboda haka matakan da masana suke amfani da su, wato "aikinsa ne", "ana jingina masa", "na gidan sana'arsa ne", "an kwaikwayo daga nasa", suna da amfani matuƙa, kuma bai kamata a ɗauki na ƙasa a matsayin faɗuwa ba. Harvard ba ta yi asara ba da 27 suka koma 15. Ta dai san abin da yake hannunta, kuma an buɗe ƙofar neman sunayen waɗanda suka gina sauran.

Ina kira ga malamanmu na makarantu da su yi amfani da wannan misali wajen koyar da tarihi. Duk lokacin da aka ce wa ɗalibi wane ne ya yi abu kaza, a koya masa ya yi tambaya uku: wa ya faɗa, da wace hujja, kuma "ya yi" ɗin nan tana nufin ya tsara ne, ko ya sa hannu, ko ya ba da umarni? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi zai ba Bernini abin da yake nasa, ya kuma tuna da Finelli da Mari da Naldini. Allah ya sa mu dace.